Kafin Ka Sallama Gahawarka: Yadda Manomin Mambila Zai Zaɓi Mai Saye

Shekarar da na fara riƙe wa Baffana littafin lissafin gonarsa ta gahawa, a wani ƙauye tsakanin Nguroje da Gembu a tsaunin Mambila ta jihar Taraba, mutum uku suka zo tayi a mako guda. Na farko ya zo a kan babur da sikelin ratayawa, kuɗi cike da aljihu, busassun 'ya'ya yake so. Na biyu yana da injin ɓarza da kwamin wanki a bakin rafi, shi ɗanye yake so, ja wur, a kai masa ranar da aka tsinka. Na uku baƙo ne daga birni mai soya gahawa yana ƙullawa a leda, ya ce tsaba zalla yake nema, farashinsa kuwa ya ninka na mai inji har sau biyar. Na ce, "Baffa, ai magana ta ƙare, ga wanda za a ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka san kilo nawa na ɗanye ke haifar da kilo ɗaya na tsaba?" Da muka zauna muka buga lissafi, sai ga shi baƙon nan shi ne ya fi kowa taya ta da araha.

Tun daga ranar na gane cewa kuɗin da aka faɗa da baki daban, wanda ke shiga aljihu daban. Da can manomi bai san wannan wahalar zaɓi ba, hukumar sayen amfanin gona ce ke yanke farashi, wakilanta su zo su auna. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin, a 1989 yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke tsare farashin gahawa ta wargaje, a 1991 Kamaru ma ta rushe tata hukumar. Tun daga nan aka bar manomi shi kaɗai gaban mai saye. Ga matakan da muke bi, yadda na koye su a gona da bakin sikeli.

Mataki na farko: mayar da kowane tayi zuwa ma'auni ɗaya

Gahawa irin ta Arabika, wadda ta fi son sanyin tsauni irin namu, siffa huɗu ake sayar da ita. Akwai ɗanyen 'ya'ya yadda aka tsinko. Akwai busassu, waɗanda aka shanya da ɓawonsu har suka yi baƙi. Akwai wankakkiya, wadda aka ɓarje jan ɓawon, aka wanke yauƙin, aka shanya ta da farar rigarta ta ciki. Sai tsaba, wadda aka cire wa komai, ita ce ke shiga buhun fita waje.

Ka haddace waɗannan: ɗanye kilo 5 zuwa 6 ke ba da tsaba kilo 1. Busassu kilo 2 ke ba da tsaba kusan kilo 1. Wankakkiya kilo 100 ke ba da tsaba kusan kilo 80.

A ce, don misali kawai, ka tsinki ɗanye kilo 600, mai inji ya taya naira 1,000 a kilo. Kuɗinka naira 600,000 ke nan, ba shanya, ba jira, ba fargabar ruwan sama. In ka busar da kayan nan da kanka za su koma wajen kilo 200, to duk dillalin da bai kai naira 3,000 a kilo ba ya rage maka. In wankewa ka yi, za ka samu wajen kilo 125, sai an ba ka naira 4,800 kafin ka ce kun yi kunnen doki da mai inji. In tsaba ce, kilo 100, sai naira 6,000. Wannan fa ba a sa ladan wahalarka ba: mako uku ko huɗu na shanya da juyawa, kuɗin masu tsinta, kuɗin casa, buhuna, mota. Ka sa farashin kakar bana a gurbin nawa, lissafin ba ya canzawa.

Ka kuma san naka kayan. Ka ɗebi kilo 12 na ɗanye daga gonarka, ka busar, ka casa a turmi, ka auna abin da ya fita. Gonar da ta sha taki takan ba da tsaba mai nauyi, wadda ƙwaro mai huda 'ya'ya ya ɓata kuwa ɓawo ne ya fi yawa. Wanda ya san fitar kayansa, ba a yi masa ƙiyasin baki.

Mataki na biyu: je ka ga wurin tun kafin 'ya'ya su nuna

Kakarmu takan kama daga wajen Oktoba zuwa Janairu. Ranar da rassa suka yi ja ba ranar neman mai saye ba ce, don a lokacin kai ne a matse, kowa kuma ya sani. Tun Agusta ko Satumba ka sa takalmi ka zagaya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

In ka isa wurin mai sarrafawa, rage sauraron bakinsa, buɗe idonka da hancinka. Leƙa cikin injin ɓarza. In ka ga tsohon ɓawo ya bushe ya maƙale a haƙoransa tun bara, ka san ba a wanke shi kullum, kuma ƙwaya ɗaya da ta ruɓe a lungun inji tana iya ɓata ɗanɗanon buhu. Dubi kwamin da ake jiƙa gahawa, a shafe yake sumul ko ya tsattsage? Dubi ruwan, daga ina yake zuwa, kuma ina yake tafiya bayan an gama wanki? Ruwan wankin gahawa yana da tsami da ƙarni, in aka sake shi kai tsaye cikin rafi yana ɓata ruwan sha na mutane da na shanu. A tsaunin da manomi da makiyayi ke shan rafi ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma wurin da ya jawo rigima ana iya rufe shi tsakiyar kaka da kayanka a ciki. Mai hankali rami yake haƙawa nesa da rafi ruwan ya tsume.

Sai wurin shanya. Gadaje ne masu ƙafa da raga, iska na shiga ta ƙasa, ko a ƙasa ake bazawa kaji da awaki na bi ta kai? Akwai leda ko rumfar da za a rufe in hadari ya taso? Gadajen nawa ne? Wannan tambayar ta fi yadda ake zato muhimmanci. Wankakkiyar gahawa tana cin mako ɗaya zuwa biyu a kan gado. In gadaje sun cika a tsakiyar kaka, mai wurin zai daina karɓa ko ya karya farashi, kai kuma ga ɗanyen kaya a hannu.

Za ka ce, me ya dame ni da tsabtar wurinsa, tunda na karɓi kuɗina? Ya dame ka. Wanda ke ɓata kaya ba zai samu mai saye na kirki ba, wanda bai samu mai saye na kirki ba ba shi da abin da zai ƙara maka baɗi.

Kafin ka bar garin, nemi manoma biyu ko uku da suka kai masa kaya bara, ba waɗanda shi ya nuna maka ba. Tambaye su abu uku: ya biya ranar da ya ce? Farashin da ya fara da shi, da shi ya ƙare? Ya taɓa mayar da kaya, kuma a kan wane dalili? Ka tambayi mata ma, don su suka fi tsinka da tsinta, su suka fi tsayawa a layin awo, abin da suka gani ya fi wanda maza ke faɗa a majalisa.

Mataki na uku: auna nisa da awa, ba da kilomita ba

Ɗanyar gahawa ba ta kwana. Daga lokacin da aka raba ta da reshe ta fara ɗumi da tsami, shi ya sa ake son a ɓarje ta a ranar, kafin dare ya yi nisa.

Wata shekara mun tara buhu bakwai na jajaye, tsinka mai kyau, ba kore ko ɗaya. Tsohuwar Land Rover ɗin da muka yi alkawari da ita ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai washegari da hantsi. Na kwance bakin buhu na tura hannu har gwiwa, na ji ciki da zafi kamar an rufe tuwo a kwano. Da na zaro hannun, yauƙi ya bi yatsuna, wani wari mai kama da na ƙullun da ya kwana biyu ya bugi hancina. Mai injin da muka kai wa bai ma buɗe buhu na biyu ba. Ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, in na zuba wannan cikin na mutane na cuce su." Gaskiyarsa ce. Muka dawo da kaya muka shanya, muka sayar a farashin na baya-baya. Har yau in na tuna yadda Baffa ya tsaya shiru a bakin motar nan, sai raina ya sosu.

Saboda haka ka tambaya: yana da wurin karɓa kusa da ku? Wa ke biyan kuɗin ɗauka? Ƙarfe nawa yake rufe awo? In mota ta makara, asarar ta wa? In tsakaninka da shi ya wuce tafiyar da za a yi bayan la'asar a isa kafin isha, ka cire sayar da ɗanye daga lissafinka, ka koma busarwa. In kuma ta kama dole kaya su kwana, kada ka bar su a ɗaure cikin buhun leda, baza su a inuwa ko ka zuba su cikin ruwan sanyi mai tsabta.

Mataki na huɗu: sikeli, danshi da abin da ake cirewa

A nan ne akasarin kuɗin manomi ke zurarewa, kaɗan-kaɗan, ba tare da an ɗaga murya ba.

Kada ka yarda da awon buhu, bokiti ko tiya. Buhu yana da ciki, wani ya fi wani, kuma mai saye ya fi ka iya danna shi. Kilo za a yi, idonka a kan allura. Gwada sikelin ba wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 20 a cike ta ba da kilo 20 da ɗan nauyin jarkar. Mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji. In ya murtuke fuska, ka riga ka samu amsa. In kuna da ƙungiya, ku haɗa kuɗi ku sayi naku sikelin, kowa ya auna a gida kafin ya fita.

Sai nauyin buhu. A auna buhun da babu komai a gabanka, a cire abin da ya nuna, ba a ce "kilo ɗaya-ɗaya muke cirewa" ba.

Sai gwajin ruwa. Mai inji na ƙwarai zai zuba ɗanyenka a ruwa, masu nauyi su nutse, marasa ƙwaya da waɗanda ƙwaro ya ci su taso. Wannan daidai ne. Abin tambaya shi ne, masu tasowar fa? Zai saye su a ƙaramin farashi, ko zai mayar maka? Kada su zama nasa a banza. Gara ma ka yi wannan gwajin a gida, ka tsince kore da baƙi, ka kai masa kayan da ba shi da abin cewa a kansu.

Danshi kuwa shi ne babbar ƙofar cuta ga mai busassu. Ana son gahawa ta bushe har danshinta ya sauko kashi 10 zuwa 12 cikin 100. In ya fi haka tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da gubar da ke sa a mayar da kaya daga Turai. Dillali zai ciji ƙwaya ya ce, "Da saura," ya cire kilo 10 a kowane 100. To ga gaskiyar lissafin: kayan da ke kan kashi 15, in aka ƙarasa busar da su zuwa 12, abin da za su rage bai kai kilo uku da rabi a cikin 100 ba. Sauran kilo shida da 'yan kai kyauta ka ba shi. Mai sarrafawar da ke da na'urar gwada danshi, yake kuma juyo maka fuskarta ka karanta da kanka, ya fi wanda haƙorinsa ne na'ura. Kai ma ka iya gwajin gida: busasshen ɗa in ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji ƙwayar na kaɗawa, tsabar da ta bushe kuma haƙori ba ya lotsa ta.

Mataki na biyar: yaushe kuɗin zai zo

Biya iri biyu ne. Akwai kuɗi hannu, a auna a ƙirga maka. Akwai kuma wanda za a ba ka wani abu yanzu, ciko sai an sayar. Na biyun shi ne tsarin ƙungiyoyin gama kai a Kenya, inda manomi ke kai ɗanye masana'antar ƙungiya, a kai kasuwar gwanjo ta Nairobi, kuɗi ya dawo bayan watanni. A Ruwanda ma wuraren wanki da dama suna biyan kuɗin farko, sannan su ƙara wani bayan kaka in sun sayar da kyau. A Kamaru maƙwabciyarmu, ƙungiyar UCCAO ta Bafusam tun 1958 take tattara gahawar manoma. Tsarin yana iya kawo kuɗi fiye da na dillali, amma sai inda littafi yake a buɗe.

A ƙasarmu akwai ƙarin abin lura. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan yanayi, naira dubu ɗari ta watan Disamba ba ita ce ta watan Yuni ba, ga takin da za ka saya ya riga ya tashi. Don haka in za ka jira, cikon ya zama mai kauri da zai biya jiran. Ka tambayi nawa suka biya ciko bara, a wane wata, ka ga rasit a hannun wani manomi. "In Allah ya yarda za mu duba" ba farashi ba ne.

Duk abin da aka auna a rubuta: rana, kilo, farashi, abin da aka biya, abin da ya saura, sa hannu. Kwafi ɗaya a wurinka. In ta banki ko waya za a turo, kada kaya su hau mota sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba a hoton da ke wayarsa ba.

Mataki na shida: ba-da-kaka

Wannan shi ya fi ci mini rai. Watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin makaranta na tafe, ga rashin lafiya. Sai mai saye ya zo da fara'a ya ce karɓi wannan, in kaka ta yi ka kawo mini gahawa. Daga ranar zaɓinka ya ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga mutanen da suka kai buhu a rabin kuɗin da ake sayarwa a kasuwar Nguroje a makon, suna gani, ba bakin magana.

Ba na ce kada a karɓa ba, don wanda yunwa ta kama ba a yi masa wa'azin haƙuri. Amma a san me aka ƙulla. In sayarwa ce tun kafin kaka, addini ma ya shardanta a san awo, a san nauyi, a san lokaci, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In rance ne, ya tsaya a rance: naira kaza na karɓa, naira kaza zan biya, kayana kuma a auna su a farashin ranar. Kada ka ɗaure gonar duka, ka tsaya a abin da sulusin amfaninka zai iya biya. A yi a gaban shaidu biyu.

Mataki na bakwai: shi kuma wa yake sayar wa

Tambayi mai sarrafawa inda kayansa ke zuwa. Wanda ke tarawa ya sayar wa wani dillalin, yawa kawai yake so, ba zai biya ka ladan tsinka ja zalla ba. Wanda ke da masu suya a Legas, Abuja ko Jos, ko mai saye a waje, shi ke neman inganci. Masu ɗanɗana gahawa suna ba ta maki bisa 100, wadda ta kai 80 ta shiga sahun na musamman, kuɗinta daban. Tudun Mambila, da ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, yana da sanyin da ke sa 'ya'ya su nuna a hankali su tara zaƙi. In an ɗanɗana kayanku, ka nemi a gaya maka sakamakon, kuma ka tambaya ko ana ware na kowane ƙauye ko gwamutsawa ake yi.

Ka riƙa leƙa farashin duniya a waya. Na Arabika a kasuwar Niyok (New York) ta Amurka ake yanke shi, da dala a kan fam, fam 2.2 kuma shi ne kilo ɗaya. A Fabrairun 2025 ya haura dala 4 a fam, abin da ba a taɓa gani ba, bayan fari ya taɓa gonakin Barazil. Ba za a ba ka wannan kuɗin a bakin gona ba, akwai mota, casa, tsinta da ribar mutane a tsakani. Amma in duniya ta tashi mai sayenka yana nan a farashin bara, ka san inda bambancin ya tafi.

In ya zo da waya yana son ɗaukar taswirar gonarka, kada ka tsorata. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa gahawar da za ta shiga kasuwarta sai an nuna gonar da ta fito, an kuma tabbatar ba a sare daji don ita ba bayan ƙarshen 2020. Mai wannan shiri da niyyar daɗewa ya zo. Ka dai tambayi me zai yi da bayanan, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Wanda ke ba da tsiro, ko yake haɗa ku da ma'aikatan cibiyar binciken koko da gahawa ta gwamnati, CRIN, reshenta da ke Kusuku, ko yake mayar maka da ɓawon gahawarka ka yi taki, duk ka sa a ma'auni, don kuɗi ne ta wata fuska.

Mataki na ƙarshe: gwada da kaɗan

Gahawa ba ta nuna rana ɗaya, sai an bi gona sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye. Wannan dama ce. Tsinkar farko, wadda ba ta da yawa, raba ta biyu ka kai wa mutum biyu da suka fi kwanta maka. Rubuta abin da ka auna a gida, abin da sikelinsu ya nuna, abin da suka cire, awa nawa ka yi a layi, ranar da kuɗi ya shigo. Babbar tsinka ta tsakiya sai ka kai wa wanda littafi ya nuna, ba wanda ya fi iya gaisuwa ba. Ta ƙarshe, mai gauraye da ƙanana, busar da ita a gida lokacin da hunturu ya buɗe, ka zuba a buhun algarara, ka ɗora a kan katako nesa da bango, nesa da hayaƙin murhu da kananzir, don gahawa tana shan wari. Ita ce za ka fitar a watan da aka fara neman kuɗin taki.

Mu a gidanmu shekara huɗu ke nan mai injin bakin rafin nan, wanda ya mayar mana da buhu bakwai, shi ke karɓar tsinkarmu ta tsakiya. Duk farkon kaka Baffa yakan sa a ɗora jarkar ruwa a kan sikelin mai injin, mai injin kuma ya matsa gefe ya ce, "Bismillah, Alhaji, a duba."